Asusun Magani Da Waɗanda Alƙalami Ya Tsallake

Ku sani, ya malamai da 'yan kasuwa, ran 19 ga watan Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata doka wadda ta wajabta wa kowane mazaunin Nijeriya shiga inshorar lafiya. Ma'anar wannan kalma ita ce jama'a su riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan cikin asusu guda tun suna da lafiya, kadan ciwo ya kama ɗayansu a yi masa magani daga ciki. Abin ya yi kama da adashi, sai dai shi ba a kwasa bi da bi. Wanda ya kwanta shi ke ɗauka, wanda bai kwanta ba kuwa ya gode wa Allah. Dokar nan ta taɓa abu biyu, watau inda kuɗin ke fitowa, da wanda za a rubuta sunansa cikin masu cin moriya, kowannensu kuwa akwai hakkin bayin Allah rataye da shi.

Game da asalin al'amarin, malamai sun riga sun yi magana. Cikin 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta wadda aka gina bisa taimakon juna da kyauta. Malamai da yawa suna sa asusun da hukuma ke riƙe wa jama'a cikin kashi na biyu. Saboda haka abin da ya rage a duba shi ne adalci wajen tarawa da wajen rabawa.

Tun 1999, ƙarshen mulkin soja, aka kafa dokar farko, amma ba a soma aiki da ita ba sai 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. Aka tsara cewa mai ɗaukar ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashinsa, shi ma'aikacin ya zuba kashi 5. Da wannan za a duba shi a asibiti, da matarsa guda, da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ya biya ushirin kuɗin magani kurum. Wanda ya so ƙara wani cikin iyalinsa sai ya ƙara kuɗi.

To, a dubi wannan iyaka da idon basira. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, an miƙa masa takarda mai gurbin mace guda da yara huɗu. Uwargida zai rubuta ko amarya? 'Ya'yan wane ɗaki zai zaɓa? An hore shi da daidaita matansa wajen ciyarwa da tufatarwa, ga takardar hukuma tana sa shi ya fifita wata da hannunsa, in ba shi da halin ƙarin kuɗi. Maraya ɗan ƙanensa da ke cin tuwo a gidansa ba ya ciki, tsohuwarsa ma haka. Waɗanda suka tsara wannan ba su yi nufin raba kan gida ba, kuɗi suke tattali. Amma ƙa'ida takan haifi abin da mai ita bai nufa ba.

Malaman tarihi sun ruwaito irin wannan daga zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Sa'ad da ya kafa littafin rabon baitulmali, ya sa ba a yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi tun lokaci bai yi ba domin ya shiga littafi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa an yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa. Bai zargi matar ba, ƙa'idarsa ya gyara. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane sharaɗin cancanta da shi: me zai tilasta wa mai rauni ya aikata?

Tsohuwar dokar ba ta wajabta wa kowa shiga ba, saboda haka galibin waɗanda suka amfana ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne da na manyan kamfanoni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 3 ne cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ke da inshora. Manomi, da mai tireda, da malamin allo, waɗanda ba su da albashi balle wanda zai zuba musu kashi 10, suka ci gaba da sayar da akuya ko buhun gero ranar da ciwo ya zo. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Sabuwar dokar ta zo ta gyara wannan. Ta ce kowa ya shiga, ta ɗora wa duk mai ma'aikata biyar ko fiye ya rubuta su, ta bar wa jihohi su gudanar da nasu asusun, kamar yadda Kano ta kafa hukumarta tun 2016. Sa'an nan ta kafa asusu na musamman domin masu rauni, watau yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Ranar sa hannu aka ce mutum miliyan 83 za a ɗauke wa biya. Lalle wannan niyya ce kyakkyawa. Amma an ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, ya ce ma gani a ƙasa.

Ga lissafi, 'yan kasuwa su duba. Babbar rijiyar da ake ɗebo wa talakawa ita ce wadda dokar lafiya ta 2014 ta haƙa, da ta ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko, rabinsa ya bi ta hannun hukumar inshora. Ba a sa shi cikin kasafi ba sai 2018, aka sa wajen naira biliyan 55. In an raba rabin wannan ga mutum miliyan 83, kowa zai tashi da kamar naira 330 a shekara. Alhali kuwa abin da aka daɗe ana biyan asibiti saboda kowane mai kati naira 750 ne a wata, watau 9,000 a shekara, kafin a ƙara shi cikin 2024, a sake ƙarawa cikin 2025. An ƙara kuɗin asusun a shekarun da suka biyo, amma darajar naira ta faɗi cikin 2023, magani ya yi tsada. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika wannan ba.

Daga nan hukunci biyu ke fita. Na farko, wanda ya wajabta wa mutane biya ya wajabta wa kansa cikawa. Kadan aka yanki albashin mutum ko aka karɓi kuɗin mai tireda, sa'an nan ya kai ɗansa asibiti aka ce magani ya ƙare, ko aka bar shi a benci domin mai tsabar kuɗi ya shiga, to an ci dukiyarsa ba bisa hakki ba. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wannan ya hau kan hukuma, da kamfanonin da ke tsakani in sun jinkirta biyan asibitoci, da asibitin da ya karɓi kuɗin wata ya wulaƙanta mai kati.

Na biyu, tun da kuɗin ba su isa kowa ba, tilas a zaɓa, mai riƙe da alƙalamin zaɓe kuwa amana mai nauyi ke wuyansa. Akan duba rajistar matalauta ta ƙasa, wadda cikin 2023 majalisar tattalin arziki da gwamnoni ke ciki ta ce ba ta gamsu da ingancinta ba. Wanda ya fi kowa bukata sau da yawa shi ya fi kowa nisa da ofis. Gwauruwa a ƙauye ba ta da lambar ɗan ƙasa, ba ta da kuɗin mota, ba ta san ranar da masu rubutu suka zo ba. Almajiri ɗan shekara tara ya wuce biyar, iyayensa suna wani gari, ba ya cikin lissafin gidan kowa. Doka ta san shi da sunan matalauci, amma in ba wanda ya tsaya masa, alƙalami zai wuce shi. Duk mai hali da ya cusa sunan ɗan'uwansa cikin wannan rajista, ko ya ari katin wani, ya sani gurbin wani majinyaci ya tare.

Saboda haka aiki bai tsaya ga hukuma kaɗai ba. Attajiri mai yaran shago biyar ya rubuta su, gama hakkinsu ne. Ƙungiyoyin kasuwa su tara kuɗi su shiga a dunƙule, su riƙa tambayar inda aka kai su. Alaramma ya ƙidaya almajiransa, ya tafi da sunayensu wurin mai unguwa da asibitin gundumarsa tun ciwo bai zo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wakilan jama'a kuma a tambaye su nawa aka sa cikin asusun masu rauni a kasafin jiha, nawa aka fitar, mutum nawa aka yi wa magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta. Haza wassalam.