Kwanon Ruwa a Ƙofar Coci: Kayan Ibada ko Kayan Kasuwa?

Duk wanda ya taɓa shiga cocin Katolika ya ga ɗan kwano na ruwa a bakin ƙofa. Mai shiga yakan tsoma yatsu, ya yi alamar gicciye, domin ya tuna da baftismarsa. Fada ne ke sa wa ruwan albarka, wani lokaci da ɗan gishiri, ana tunawa da Elisha da ruwan Yariko (2 Sarakuna 2:19-22). Mu ba ma yin wannan al'ada, amma kuskure ne mu koya wa mutanenmu cewa tsubbu ne, kamar yadda mukan ji ɗalibai suna faɗi.

A Faransa da Italiya, iyalai kan rataya ƙananan irinsa, na azurfa ko na tangaran, kusa da gado. Da zuwa coci ya ragu a Turai, da yawansu suka koma gwanjo. Mai saye yana duba shekarunsa da hannun maƙerin. Hannuwan da suka yi addu'a da shi ba sa cikin farashi. Dokar Katolika kuwa, sashe na 1171, ta ce abin da aka keɓe domin ibada a riƙe shi da girmamawa, ko da yana hannun mutum ɗaya.

Zancen bai yi mana nisa ba. A ƙauyukan Kankara, Faskari da Sabuwa, 'yan bindiga sun tashi jama'a, wanda ya gudu da ransa kuma ba ya tsayawa ɗaukar ƙoƙon Jibin Ubangiji. A nan ba mai tara kayan tarihi ke jira ba, ɗan gwangwan ne da sikelinsa.

Nassi ya ja mana kunne ta fuska biyu. Belshazzar ya sha giya da kwanonin Haikali, aka hukunta shi (Daniyel 5). Hezekiya kuwa ya farfashe macijin tagulla na Musa da mutane suka fara ƙona masa turare (2 Sarakuna 18:4). Kwano ba ya ceto, amma abin da aka ba Allah ba namu ba ne mu sayar a kan kilo.

Saboda haka kowace ikkilisiya ta rubuta kayanta a littafi tun da sauran zaman lafiya, a ajiye kofi a gunduma. In kayan Katolika suka faɗo hannunmu, a miƙa su ga Fada mafi kusa. Tun 2023 Katsina tana da nata bishop, Gerald Mamman Musa.