Shuka Tafarnuwa Kafin Sanyi Ya Shigo

Sau da yawa mutum yakan shuka tafarnuwa a garkarsa, ya ba ta ruwa wata huɗu, ganye ya yi kore shar, amma ranar tono sai ya tarar da ɗan kai guda kamar ƙaramar albasa, ba ƴaƴa a ciki. Sai ya ce irin ne ba shi da kyau, ko ƙasar ce ba ta karɓa ba. Galibi ba haka ba ne. Ya makara ne wajen shuka.

Tafarnuwa tana son sanyi. Sanyin da take sha tana ƙarama shi ne yake sa kanta ya rabu ya yi ƴaƴa. A ƙasashen Turai kamar Faransa da Jamus, manoma sukan shuka ta a watan Oktoba ko Nuwamba, makonni kaɗan kafin ƙasa ta daskare. Sai su rufe ta da busasshiyar ciyawa. Tana kwance a cikin ƙasa duk lokacin sanyi, saiwarta ta riga ta kama. Da ɗumi ya dawo sai ta yi ganye, a tone ta a watan Yuni ko Yuli. Wata takwas ko tara ke nan tana cikin ƙasa.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da hunturu, kuma shi ne yake yi mana wannan aiki. Sai dai namu sanyin gajere ne. Yakan kama sosai daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, kafin Maris ya ƙare zafi ya sauko. Saboda haka a shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, wato da an gama shigar da hatsi rumbu. Wanda ya jira har Janairu, zafi zai tarar da tafarnuwarsa ba ta gama ƙosawa ba. Manoman duwatsun Ayar a jihar Agadez, inda sanyi ya fi tsanani, da na fadamun Sakkwato a Najeriya, sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa tafarnuwarsu take cika kasuwanni.

Zaɓen iri

Ba a shuka tafarnuwa da ƙwayar iri kamar albasa. Ƴaƴan da suke cikin kanta su ne irin. Ku nemi irin gida wurin manomin da kuka san garkarsa. Farar tafarnuwan nan mai manyan ƴaƴa da ake kawowa daga ƙasar Sin tana da kyau a tukunya, amma ta saba da sanyin da ba mu da shi, sau da yawa ba ta yin kai a ƙasarmu. Kada girmanta ya ruɗe ku ku zuba kuɗinku a ciki.

A ɓare kan ranar shuka ko ana gobe, kada a cire ɓawon da yake jikin kowane ɗa. A zaɓi manya masu tauri, waɗanda suke ta waje. Ƙananan na tsakiya a kai su madafa. Wanda ya yi laushi, ko ya yi baƙi, ko yana wari, a jefar da shi nesa da garka.

Yadda ake shukawa

Tafarnuwa ba ta son ƙasar da ruwa yake kwanciya. A gyara fangali, a sassauta ƙasa, a gauraya ta da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabbobi yakan ruɓar da irin. In akwai hali, kada a shuka inda aka yi albasa bara, gama cututtukansu ɗaya ne.

A soka kowane ɗa cikin ƙasa, tsininsa yana duban sama, gindinsa ƙasa. Zurfin ya kai santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu na yatsa. Tsakanin ɗa da ɗa a bar santimita 10, faɗin tafin hannu ke nan, tsakanin layi da layi kuwa santimita 15 zuwa 20. A ba da ruwa nan take. Cikin mako ɗaya ko biyu za a ga tsiro.

Saiwarta ba ta nisa, saboda haka ruwa kaɗan kaɗan a kai a kai ya fi ruwa mai yawa lokaci guda. A ƙasa mai yashi kowane kwana biyu ko uku. Busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa da aka shimfiɗa a kan fangali yana riƙe laima, iskar hunturu ba ta busar da ƙasar da sauri. Ciyawa kuwa a cire ta da hannu tun tana ƙarama, don ganyen tafarnuwa siriri ne, ba ya iya danne ta.

Bayan wata huɗu zuwa biyar ganye zai fara yin rawaya daga ƙasa. A tsai da ban ruwa kamar mako biyu, sa'an nan a tone da hankali. A shanya a inuwa inda iska take wucewa, mako biyu ko uku, a ɗaure dami dami a rataye. Kada a zuba ta cikin leda. Tun ranar nan a ware kawuna mafi kyau don irin baɗi.

Abinci ce, ba ƙwayar asibiti ba

Mutane sun daɗe suna ƙaunar tafarnuwa. A Littafin Ƙidaya sura 11, tana cikin abubuwan da Isra'ilawa suka yi marmari a jeji bayan sun bar Masar. Mu a asibiti abin da muke yaba mata shi ne tana ba miya ɗanɗano, har uwargida ta iya rage gishiri da magi. Ga mai hawan jini wannan taimako ne na gaske. A daka ta, a bar ta kamar minti goma kafin a zuba a tukunya, ƙamshinta ya fi fita.

Amma muna ganin marasa lafiya da suka ajiye maganin hawan jini suka koma haɗiyar tafarnuwa, sai an kawo su ɓarin jiki ya shanye. Tafarnuwa ba ta maye gurbin wannan magani. Ba ta warkar da tarin fuka, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon sukari. Ku ci ta a miya, ku ci gaba da shan abin da likita ya rubuta.

Kada a ɗaura dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa a kan fata, musamman ta yaro. Tana ƙuna kamar wuta, har ta bar gyambo. Kada a cusa ta a kunne ko hanci, mata kuma kada su sa ta a gabansu don ƙaiƙayi. Wanda yake da gyambon ciki, ɗanyarta takan tayar masa da zafin. Mai cin ta da yawa kowace rana, in za a yi masa tiyata, ko yana shan maganin tsinka jini ko na ƙanjamau, ya gaya wa likita tun da wuri, domin tana iya sa jini ya yi jinkirin tsayawa, tana kuma rage ƙarfin wasu magunguna.