Tsumman Goge Kwano: Hattara Uwargida

Uwargida, kin wanke kwanuka tas, sa'an nan kin goge su da tsumman da ya kwana a jiƙe. To, aikin baya kika yi. Warin nan da ke tashi daga tsumma ko soso alama ce ƙwayoyin cuta sun yi gida a ciki, domin danshi da ɓurɓushin abinci suke so. Daga nan sai kwanon yaro, sai gudawa.

Abin ya fi damun mazauna Ikko da Badun, inda damina ke da tsawo, shanya kuma ba ta bushewa da wuri kamar a Arewa.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kowace yamma ki wanke tsumma da sabulu, ki tafasa shi minti 10, ki matse, ki baza a igiya. Soso kuwa ki ɗauraye, ki rataye inda iska ke kaɗawa. In ya fara yauƙi, jefar da shi. Tsumman da ya taɓa ɗanyen nama kada ya kusanci kwanon ci. Ki tanadi uku: ɗaya na aiki, biyu na shan iska.

Rigakafi dai ya fi magani.