Karayar dunduniya: abin da ya kamata a sani kafin a kai wa maɗori

Magini ya zame daga saman bene, ko yaro ya faɗo daga iccen mangwaro, ko mahaƙin rijiya igiya ta tsinke da shi, ya dira a tsaye. Sai ka ji ana cewa targaɗe ne, a kira maɗori. Sau da yawa kuwa ƙashin dunduniya ne ya farfashe, wanda shi ke ɗauke da nauyin mutum duk takun da zai yi.

Cikin wannan ƙashi kamar soso yake. In nauyin jiki ya danne shi sai ya lotsa, ya baje, gaɓar da ke samansa ta goce. Ja da matsa da hannu ba su ɗago shi. Shi ya sa ake fara yin hoton radiyo, in da hali a yi sikanar. Ana duba baya ma, don kusan mutum 1 cikin 10 masu wannan karaya suna da wata a ƙashin baya.

Likitoci ba su gaggawar fiɗa, sai kumburi ya saɓe, abin da kan ɗauki sati 1 zuwa 2. Sannan su ɗago ƙashin, su riƙe shi da farantin ƙarfe da ƙusoshi. In an ɗago, rami kan saura a ciki. Tun 1948 wani likitan ƙasar Suwidin, Ivar Palmer, ya bayyana dabarar cike ramin da guntun ƙashi. Yawanci daga ƙugun majinyacin ake ɗebo shi, wurin kuma kan daɗe yana ciwo. Yau likitoci da dama ba su yin dashen sai ramin ya yi girma, tunda ƙashin kan cike kansa.

Ba kowa ake yi wa fiɗa ba. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2014, kan mutum 151, bai ga wani bambanci ba bayan shekara 2 tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba, in dai ƙafar ba ta karkace sosai ba. Mai shan taba da mai ciwon sukari kuwa, mikinsu yana wuyar warkewa.

Da fiɗa ko babu, sai an yi wata 2 zuwa 3 ba a taka ƙafar ba. Ga mai cin abinci da ƙarfinsa, wannan haƙurin ya fi komi wuya, amma wanda ya yi garajen takawa yana iya ɗingishi har ƙarshen rayuwa. Don haka jama'a, a fara da gidan likita. Allah ya kiyaye mu.