Kayan jego: Abin da ya kamata a tanadar wa maijego kafin ranar haihuwa

A mafi yawan gidaje, da zarar ciki ya shiga wata na bakwai sai hankali ya koma kan abubuwa biyu: kayan jariri da hidimar suna. Za a sayi riguna da shawul da baho, a ɗinka atamfar fitar suna, maigida kuma ya fara tambayar farashin rago. Wadda za ta haihu, wadda jikinta zai ɗauki aƙalla mako shida yana murmurewa, sau da yawa nata tanadin bai wuce turamen zane da kwalbar turare ba.

Wannan rabon kuɗi yana da illa, domin kwanakin da ke biyo bayan haihuwa suna cikin mafi haɗari a rayuwar mace. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa ’yan Najeriya ne, kuma da dama daga cikin irin waɗannan mace-mace na faruwa ne bayan an sauka, lokacin da dangi suka riga suka fara barka. Abin da zai taimaki maijego a wannan lokaci ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin suna, sai dai yana buƙatar a tanade shi tun da wuri, kafin ciki ya cika wata takwas, saboda naƙuda ba ta jiran ƙarshen wata ko biyan albashi.

Jinin biƙi da tsaftar jiki

Abu na farko shi ne audugar mata, irin manyan da ake yi domin masu haihuwa, kuma da yawa. Jinin biƙi kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Yana farawa ja sosai a kwanakin farko, sannan ya riƙa raguwa yana canza launi har ya ɗauke. Fakiti ɗaya ko biyu da ake sakawa a jakar asibiti ba za su kai ko’ina ba.

Amfanin auduga bai tsaya ga tsafta ba, ita ce ma’aunin da ke hannun mutanen gida. Idan maijego tana jiƙa guda sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko jinin ya ƙaru bayan ya fara raguwa, ko yana fitowa da manyan gudaji, to asibiti za a nufa nan take. Da tsumma wannan lissafi yana da wuya. Gidan da ƙarfinsa bai kai na auduga ba, sai a tanadi ƙyalle mai laushi da yawa, a riƙa wankewa da sabulu ana shanyawa a rana ya bushe ƙarau, ba a bayan ƙofa ba don jin kunya.

Sai zannuwa marasa nauyi huɗu ko biyar waɗanda ba za a ji asararsu ba idan sun ɓaci, da riguna masu buɗewa ta gaba saboda shayarwa, da kamfai na auduga, da ledar shimfiɗa a kan katifa, da sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi. A ware mata bokiti da baho nata ita kaɗai. Wadda aka yi wa ƙari ko ta samu yagewa aka ɗinke, ruwa mai ɗumi da tsafta ne abin da wurin yake so, ba cushe-cushen magungunan da ake tallarsu a gidan barka ba.

Ruwan zafi da kunun kanwa

Nan ne aka fi kashe kuɗi, nan ne kuma aka fi samun saɓani tsakanin iyaye mata da ma’aikatan lafiya. A al’adar Hausa, maijego na wanka safe da yamma har kwana 40, da ruwan da aka tafasa a babbar tukunya, ana tsoma ganyen darbejiya ko runhu ana fyaɗawa a jiki. Wanda ya yi lissafi zai ga tukunya 80 ke nan. A ƙauye itace ne, a birni kuwa gawayi ko gas, kuma duk magidancin da ke cika tukunyar gas a ’yan shekarun nan ya san abin da hakan ke nufi ga aljihunsa. Gara a sa wannan a kasafi tun farko, tare da kuɗin ’yan garuwa a unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa.

Wanka da ruwa mai ɗumi yana sassauta ciwon jiki, yana kuma tabbatar da tsafta, babu likitan da zai hana. Matsalar ita ce zafin da ya wuce kima. Ana samun matan da ke ƙonewa, wasu jiri ya kwashe su a banɗaki, musamman waɗanda suka zubar da jini da yawa. Ma’auni mai sauƙi shi ne, ruwan da mai yi mata wankan ba za ta iya tsoma hannunta ta bari a ciki ba, bai dace da jikin maijego ba. Wadda aka yi wa tiyata kuwa, ba a fyaɗa mata ganye a ciki ba, ba a danna wurin ɗinkin ba, sai abin da asibiti suka ce.

Batun kanwa yana da tarihi a binciken likitoci. A shekarun 1970, likitoci biyu da suka yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a yankin, suka danganta hakan da shan kunun kanwa mai yawa da kuma kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, ya fi ɗora nauyin a kan wasu dalilai, kamar hawan jini lokacin ciki da rama da talauci. Ke nan ba daidai ba ne a ce kanwa kaɗai ce ke jawo ciwon. Amma kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, saboda haka duk wadda aka gaya wa a wurin awo cewa jininta ya hau, ko ƙafafunta suka kumbura, a dama mata kunun gero ko na gyaɗa ba tare da ita ba. Wannan magana ce da ya kamata miji ya yi da surukarsa ko mahaifiyarsa cikin ladabi tun kafin haihuwa, domin ranar da aka ɗora tukunya ba mai sauraron sa.

Abincin da ke mayar da jini

A fannin abinci al’ada ta yi tanadi mai kyau. Gasasshen nama da farfesun kaza da ƙauri, wato kai da ƙafar saniya da ake dafa wa maijego da kayan yaji, duk suna taimaka wa jikin da ya yi asarar jini. Abin da ake mantawa shi ne jego ba ya ƙarewa ranar suna. Naman yakan yi yawa a makon farko, baƙi su ci rabinsa, daga nan sai maijego ta koma tuwo da miya kamar kowa. Ya fi amfani a raba kuɗin ya kai kwana 40: wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale, alayyahu, da gero na kunu. A tanadi ruwan sha mai tsafta a kusa da gadonta, da filas na ruwan zafi saboda dare. Kayan marmari irin su gwanda da lemo da kankana suna rage taurin bayan gida, wanda ke wahalar da mai ɗinki ƙwarai.

Maganin ƙarin jini da aka ba ta lokacin awo ba a ajiye shi don an haihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shi na mako shida zuwa 12 a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Maganin ciwo kuma wanda asibiti ya rubuta kawai za a saya, ba haɗin kemis ba.

Na jariri kaɗan ne a wannan jeri, amma biyu ba sa jira: gidan sauro mai magani da uwa da ɗa za su kwana a ciki, da maganin cibiya na chlorhexidine da gwamnati ta amince da shi a maimakon gashin cibiya da tsumma ko shafa man goge baki. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, ba a matse shi a zubar, shi ne abincin jariri na farko kuma kariya ce gare shi.

Mai taimako da kuɗin mota

Akwai tanadin da ba a sayen sa a kasuwa. A da, mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa, wadda ta saba kuma wata dattijuwa daga dangi ke zuwa ta zauna da ita. A birni yanzu, ma’aikaci na iya zama a Abuja ko Legas alhali dangi na Katsina ko Gombe. Dole a san tun da wuri wace ce za ta zo, yaushe, ina za ta kwana, wa zai riƙa kai yara makaranta. Ma’aikaciyar Gwamnatin Tarayya na da hutun haihuwa na mako 16, Jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida, kuma tun 2021 aka amince wa maza ma’aikatan tarayya hutun kwana 14 idan matansu suka haihu, hutun da magidanta da yawa ba sa nema. ’Yar kasuwa ba ta da mai ba ta hutu, sai ta shirya wanda zai riƙe mata shago, in ba haka ba za a gan ta a bakin rumfa kafin jikinta ya yi ƙwari.

Sai kuɗin gaggawa, tsabarsu a hannu, a wurin da mai jinya ta sani, ban da na suna. A haɗa da lambar wayar mai mota ko mai adaidaita sahu da aka yi magana da shi zai fito ko da tsakar dare, da sunan dangi ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini. Bayan zubar jini, alamomin da ba a kwana da su a gida su ne ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko jijjiga, zazzaɓi, jini mai wari, haki ko kasa kwanciya a miƙe, da kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo. Haka kuma matar da ta shiga kuka da ƙunci na tsawon makonni, ko ta daina kula da jaririnta, magani take buƙata, ba faɗa ba.

Ko babu wata matsala, ƙa’ida ita ce a duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a kwana na uku, tsakanin kwana na bakwai da na 14, sai a mako na shida. Wannan na ƙarshe ya kusa dacewa da arba’in, kuma a ranar ce jariri zai karɓi zagaye na gaba na rigakafi bayan wanda aka yi masa da haihuwa, a auna jinin uwar, a kuma tattauna batun tazarar haihuwa. Saboda haka katin awo da katin rigakafi su zauna a jaka ɗaya da kuɗin motar, kuma a sa ranar asibitin a gaba kafin a fara yawon arba’in.