Allon rubutun salula: wa ke ganin abin da yatsa ke bugawa?

A ofisoshin gwamnati na da, kafin kwamfuta ta shigo, babu wanda ya san sirrin ma'aikata kamar sakataren da ke zaune gaban mashin ɗin rubutu. Takardar canjin wurin aiki, takardar gargaɗi, lissafin albashi, duk ta ƙarƙashin yatsunsa suke bi kafin shugaba ya sa hannu. Haka abin yake tsakanin babban ɗan kasuwa da malamin da ke riƙe masa littafin bashi. Shi ya sa ba a ɗaukar kowa wannan aiki sai an bincika asalinsa da halinsa.

Yau kowace salula ta zamani tana ɗauke da irin wannan sakatare, amma ƙalilan ne suka taɓa tambayar ko ɗan gidan wane ne. Shi ne allon haruffan nan da ke fitowa a ƙasan gilashi duk lokacin da aka tashi rubutu, wanda ma'aikata ke ce ma kilabiye. Mutane da yawa sun ɗauka wani sashe ne na jikin wayar, kamar batir ko lasifika. Ba haka ba ne. Manhaja ce mai zaman kanta, wasu mutane ne suka ƙera ta, kuma ana iya sauke ta a ɗora wata. Farashin buhun wake da ɗan kasuwar Maraɗi ya aika ma abokin hulɗarsa na Kano, sunayen masu bashi, rahoton da ma'aikacin Tawa ya tsara domin shugabanninsa na Yamai, lambar sirrin da ake bugawa kafin a tura kuɗi, duk ta hannunta suke wucewa. Gaskiya ne WhatsApp na kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, to amma allon ya riga ya ga kalmomin tun kafin a sa kwaɗo.

Ita kanta wayar Android ba ta ɓoye wannan batu ba. Duk wanda ya ɗora sabon allo, sai ta gargaɗe shi cewa manhajar na iya tattara dukan abin da ya rubuta, har da kalmomin sirri da lambobin katin banki. Galibi sai a danna amincewa ba tare da an karanta ba.

Gargaɗin kuwa ba na banza ba ne. A watan Yuli na 2016, wata tangarɗa ta sa allon SwiftKey, wanda kamfanin Microsoft ya saya a shekarar, ya riƙa nuna ma wasu mutane adireshin imel da lambobin wayar wasu da ba su taɓa sani ba. A watan Disamba na 2017, masu bincike suka tarar da rumbun bayanan allon ai.type a buɗe kan intanet, babu ko kalmar sirri, ɗauke da bayanan mutane kimanin miliyan 31. A watan Afrilu na 2024 kuma, cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto a Kanada ta binciki allunan rubuta Sinanci na kamfanoni 9, ta gano cewa a cikin 8 akwai kafar da mai saurare a hanya zai iya karanta abin da ake bugawa. Asalin ciwon ɗaya ne a duka ukun: allo yana aika wani abu waje, zuwa manyan kwamfutocin kamfani, da sunan inganta hasashen kalmomi. Abin da ya fita daga waya kuwa ya fita daga ikon mai ita.

Manhajar da ake iya leƙa cikinta

A nan ne maganar buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo, wato abin da ake ce ma logiciel libre da Faransanci. Kowace manhaja da rubutattun umurni ake gina ta. Yawancin kamfanoni suna kulle wannan rubutu a matsayin sirrin sana'a, sai mai saye ya yarda da abin da suka faɗa kawai. Masu buɗaɗɗiyar manhaja kuwa suna baza nasu a fili, kowa na da izinin karantawa, da gyarawa, da raba ma wasu. Misalinsa kamar mai awo ne da ya bar tiyarsa a bainar jama'a. Ba kowane mai saye zai gwada ta ba, amma sanin cewa wani na iya gwadawa ya isa ya hana a dunƙule gindinta.

Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ba zai zauna karanta waɗannan umurni ba, kuma ba a bukatar ya yi. Akwai tambaya guda da ta fi sauƙi, ta kuma fi kowace amfani: shin allon yana da izinin shiga intanet? A tsarin Android, manhajar da ba ta nemi wannan izini ba tun wajen ƙira, ba ta da ƙofar kai tsaye da za ta aika komai waje. Ana ma iya tabbatarwa ba tare da wani ilimi mai zurfi ba: a shiga saitin waya, a nemi sunan allon cikin jerin manhajoji, a duba yawan megan da ya ci. Wanda ba ya fita waje, sifiri zai nuna ko bayan wata guda.

Daga cikin waɗanda suka cika wannan sharaɗi, HeliBoard ne ya fi dacewa da mai rubutu da yawa. Ya fito a 2024, jika ne ga allon asali na Android, ta hanyar wani da ake kira OpenBoard wanda aikinsa ya tsaya. Ba ya shiga intanet ko kaɗan, yana hasashen kalmomi da ƙamus ɗin da ke cikin wayar, yana barin a haɗa harsuna biyu a rubutu ɗaya. Ga ma'aikacin da yatsunsa suka saba da jerin AZERTY tun daga mashin ɗin ofis, sai ya zaɓi jerin ya huta da laluben inda harafin A ya koma. Simple Keyboard shi kuma sunansa ya bayyana shi: ƙarami ne ƙwarai, ba ya hasashe, ba ya gyara, haruffa ne kawai. Ga ƙananan wayoyin Itel da Tecno da wurin ajiya ya yi ma kaɗan, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. AnySoftKeyboard yana cikin dattawan fagen, kowane harshe da ƙunshinsa da ake ɗorawa daban. FlorisBoard, wanda aka fara a 2020, ya fi su kyan gani, amma har zuwa 2025 sashensa na hasashen kalmomi bai kammala ba, don haka mai gaggawa zai gaji da shi.

Akwai wani da ya kamata a ware, wato FUTO Keyboard. Yana aiki ba tare da intanet ba, har yana mai da magana rubutu a cikin wayar kanta, kuma ana iya karanta umurninsa. Sai dai lasisinsa ya taƙaita abin da wani zai yi da shi ta fuskar kasuwanci, shi ya sa masu tsaurin ra'ayi a wannan fage ba su lissafa shi cikin buɗaɗɗun na haƙiƙa ba. Mai neman sirri kawai ba zai damu da wannan gardama ba.

Haruffa huɗu masu ƙugiya

Duk wannan magana ce da ta shafi kowa, daga Tokyo har Tasawa. Amma mai rubuta Hausa yana da wani ma'auni na biyu da masu ƙera alluna a Turai da Amurka ba safai suke tunawa da shi ba: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Haruffa masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba daidaita rubutun harsunan yankin, Hausa na ciki, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar da ta tsayar da haruffan Hausa. A nan ne ƴ take da mazauni, alhali a Najeriya an fi rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, batun ya wuce na malaman makaranta kaɗai, ya shafi duk mai tsara takarda.

Wasu na cewa ai ana ganewa ko babu ƙugiya. Sau da yawa haka ne, domin Bahaushe na cike giɓin da hankalinsa. Amma baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Kara na gona ne, ƙara kuwa ta kai mutum gaban alƙali. Saƙon ciniki gajere ne, ba ya ɗauke da dogon bayanin da zai warware shubuha. Ƙari kan haka, allon da aka saita da Faransanci yakan yi karambanin gyara kalmar Hausa ya mai da ita wata ta Faransanci, mai rubutu bai lura ba sai bayan saƙo ya tafi.

A wannan fanni, adalci ya wajabta a faɗi cewa manyan kamfanoni sun yi gaba. Gboard na Google yana da Hausa, da haruffanta da hasashen kalmominta, kuma babu wata wahala wajen kunna ta. Farashinsa shi ne rufaffen asali da buɗaɗɗiyar ƙofa zuwa intanet. Wanda ya zaɓi ya zauna da shi, aƙalla ya shiga saitinsa ya kashe duk wani zaɓi na raba bayanan amfani.

A ɓangaren buɗaɗɗu, hanya biyu ce. Ta farko ita ce Keyman, wanda aka fara a ƙasar Lawos a 1993 domin rubuta harshen can, ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta karɓe shi a 2015, daga baya ta buɗe shi kyauta. An yi shi ne musamman saboda harsunan da kasuwa ta manta da su, yana ɗauke da alluna na harsuna fiye da 2000, har da waɗanda aka tsara domin haruffan Afirka masu ƙugiya, kuma yana aiki a Android da iPhone da kwamfuta. Ma'aikacin da ke rubutu a waya da kwamfutar ofis zai ga amfanin wannan. Sai dai shi yana da izinin intanet, domin ta nan yake sauko da allunan. A nan buɗaɗɗen asalinsa ne abin dogaro, ba rashin ƙofa ba. Hanya ta biyu ita ce HeliBoard, wanda ke barin mutum ya tsara jerin haruffansa da kansa cikin wani ɗan rubutu mai sauƙi: a sa ɓ a bayan b, ɗ a bayan d, ƙ a bayan k, ƴ a bayan y, ta yadda dogon danni zai fito da mai ƙugiya. Aikin ɗan lokaci ne ga matashin da ya iya waya, kuma idan mutum ɗaya ya yi shi a ofis ko a layin kasuwa, sauran sai su kwafa.

Wani abu da ƴan kasuwa za su so su sani: gajeren saƙo na SMS yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, sai ya koma 70, abin da ya wuce haka a lissafa shi saƙo biyu ko uku. Laifin tsohon tsarin sadarwar ne, ba na allo ba, kuma harafin ê na Faransanci ma haka yake yi. A WhatsApp babu wannan matsala.

Abin da ake rasawa, da inda ake samowa

Mai sauya allo ya san cewa zai bar wasu abubuwan jin daɗi. Babu neman hotuna masu motsi daga cikin allo, babu fassara nan take, domin duk waɗannan intanet suke bukata. Rubutu ta hanyar jan yatsa bisa haruffa, wanda wasu suka saba da shi, ba ya zuwa tare da HeliBoard sai an ƙara masa wani sashe dabam wanda shi ba buɗaɗɗe ba ne. Kwanakin farko kuma hasashen zai zama kamar baƙon yaron shago, bai san sunayen abokan ciniki ba, bai san kalmomin gida ba, sai a hankali yake koyo, abin da ya koya kuma cikin wayar yake zama.

Babban haɗari yana wajen samowa. A kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai, kamar sauran kasuwanni, an saba a miƙa ma mai gyaran waya salula ya zuba manhajoji daga tasa, ko aboki ya turo ta Xender. Ga waƙa ko wasa, da sauƙi. Ga allon rubutu, wannan daidai yake da ɗaukar sakatare daga tasha ba tare da mai tsaya masa ba. Tun da kowa na iya gyara buɗaɗɗiyar manhaja, mugu ma na iya ɗaukar ta ya cusa mata abin leƙe, ya bar mata suna da kamanninta. Amintacciyar hanya ita ce F-Droid, wani rumbun buɗaɗɗun manhajoji da aka kafa a 2010, wanda ke gina yawancinsu da kansa daga rubutun da aka baza, yana kuma jera izinin da kowace ta nema. Keyman da AnySoftKeyboard suna cikin Play Store ma, sai dai a duba sunan mai ƙira da kyau, domin masu kwaikwayon suna ba su da wuyar samu.

Bayan an ɗora, sai a shiga saitin harshe da rubutu a kunna sabon allon, a mai da shi na dindindin, sannan a kashe tsohon idan wayar ta yarda. Waɗanda ke riƙe da iPhone nasu tsarin daban ne: baƙon allo ba ya samun intanet sai an ba shi cikakken izini da hannu, kuma duk inda ake buga kalmar sirri, wayar da kanta take mayar da allonta na asali.