Idan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ta Ƙi Saurare: Darasi Daga Kunnen Ɗan Adam

Gabatarwa

A shekarar 1952 ne wasu masana a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Amurka suka ƙera wata na'ura mai suna Audrey, wadda ke iya gane lambobi daga sifiri zuwa tara idan aka furta mata su. A shekarar 1997 kuma aka fito da manhajar Dragon NaturallySpeaking, wadda ta ba mutum damar yin magana a jere, ba tare da ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma ba, ita kuwa kwamfuta tana rubutawa. A yau malamai na amfani da irin waɗannan manhajoji wajen shirya darasi, kuma ga ɗalibin da wata lalura ta hana shi amfani da yatsunsa, su ne alƙalaminsa.

To, amma akwai ranar da za a danna manhajar ta ƙi tashi sam. Da yawa sukan ɗauki na'urar zuwa wurin mai gyara, a goge duk abin da ke ciki a sake lodi, aikin shekara guda ya salwanta. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sau da yawa manhajar lafiyarta ƙalau, wata gaɓa ce kawai ta katse a hanyar da sauti ke bi, kuma ana iya gano ta da dabarar da likitan kunne ke bi.

Yadda Muke Jin Magana

Sauti girgizar iska ce. Idan ta shiga ramin kunne sai ta kaɗa wani siririn tantani da muka fi sani da dodon kunne. Daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa can ciki, inda akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da girgiza ta zama saƙon lantarki. Jijiyar ji ta ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fitar da ma'ana. Ashe ji sarƙa ce mai gaɓoɓi, ko wacce ta katse sakamakon ɗaya ne: mutum ya ce ba ya ji.

Yaya likita zai san wadda ta katse? A shekarar 1855 wani likita Bajamushe, Heinrich Adolf Rinne, ya bayyana gwajin da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci. Akan bugi wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗauki amo, a ɗora gindinsa kan ƙashin bayan kunne, sa'an nan a matso da shi kusa da ramin kunne. Mai lafiya ya fi jin amon ta ramin kunne. Wanda ya fi ji ta ƙashi kuwa, kunnensa na ciki yana aiki, hanyar waje ce ta toshe, wataƙila da dauɗa ko ruwa. Da gwaji ɗaya an raba sarƙar gida biyu, an san ɓangaren da za a bincika.

Sarƙar Ji A Cikin Kwamfuta

Makirufo shi ne dodon kunnen kwamfuta. Wani sashe a cikin na'urar yakan auna sautin ya mayar da shi lambobi. Galibin manhajojin gane magana sukan yi aiki da awo 16,000 a kowace daƙiƙa. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke tafinta tsakanin makirufo da babban tsarin kwamfutar, kamar Windows. Daga nan sai izinin amfani da makirufo, da fayilolin harshe, da kundin muryar mai amfani. Yawancin manhajojin sukan duba waɗannan abubuwa tun suna tashi, in suka rasa ɗaya sai su tsaya cak.

Kafin komai, a karanta saƙon da ya bayyana a fuskar na'urar, a kwafe shi a littafi kalma bayan kalma. Bayan haka a zaɓi umarnin sake tayar da kwamfutar. Wannan ya bambanta da kashewa a kunna, domin tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, kashewa kan adana wani sashe na tsarin yadda yake don na'ura ta yi saurin tashi, alhali sake tayarwa kan share komai a fara daga fari. Wani lokaci guntun manhajar ne ya maƙale a ɓoye tun amfanin jiya, ya hana sabo tashi.

Idan hakan bai yi ba, sai a yi wa kwamfuta gwajin Rinne. A buɗe manhajar ɗaukar murya da ke zuwa tare da Windows, a yi magana na 'yan daƙiƙu, a saurara.

Idan Ba A Ji Komai Ba

Matsalar tana waje. A duba filogin makirufon. Wanda ke da zobba biyu a jikinsa ya bambanta da mai zobba uku, wanda ya haɗa abin saurare da makirufo a waya ɗaya, kuma ba kowace kafa ce ke karɓar dukkansu ba. Ƙurar hunturu ma kan toshe kafar. A gwada makirufon a wata na'ura, a kuma gwada wani makirufo a wannan. In kwamfutar na da makirufo fiye da ɗaya, a tabbatar an zaɓi wanda ake nufi a sashen saitin sauti. In duk wannan daidai ne, a sabunta direba, musamman idan matsalar ta soma bayan sabunta Windows.

Idan An Ji Muryar Sarai

Matsalar tana ciki, kuma abubuwa uku ne suka fi jawo ta.

Na farko shi ne izini. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, makunnin da ke sashen kare sirri yana iya hana manhajoji taɓa makirufo gaba ɗaya. A duba babban makunnin, a kuma duba na manhajojin da aka girka daga waje. Haka nan a rufe duk wata manhajar kira ko taro da ke buɗe, domin wata takan riƙe makirufon ita kaɗai.

Na biyu shi ne harshe. Manhajar gane magana da ta zo da Windows Vista a shekarar 2007 harsuna kaɗan ta sani: Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci, Japananci da Sinanci. Tana kuma buƙatar harshen da za ta saurara ya dace da harshen da Windows ke nunawa. Saboda haka wanda ya mayar da fuskar Windows ɗinsa zuwa Hausa zai tarar ta ƙi tashi, alhali babu abin da ya lalace. A watan Disambar 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da daina bunƙasa wannan manhaja, ya maye gurbinta da Voice Access a Windows 11. Ita sabuwar sai an sauko mata da fayilolin harshe daga intanet a karon farko, daga baya ta yi aiki ba intanet. Rubutu da murya da ake buɗewa da maɓallin Windows da harafin H kuwa, yana buƙatar intanet a duk lokacin amfani.

Na uku shi ne kundin murya. Manhajoji irin su Dragon sukan adana bayanin lafazin mai su da kalmomin da ya koya musu. Idan wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar adana wannan kundi, yana iya gurɓacewa, manhajar ta kasa buɗe shi. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe sabon kundi. In ta tashi da shi, an gano cutar, sai a maido da tsohon daga ajiya in akwai.

Cire manhajar a sake girka ta shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai an kwafe kundin murya da sauran fayiloli a wani wuri dabam.

Kammalawa

Ɗalibai za su tuna ƙa'idar da ake koya musu a ɗakin gwaje-gwaje. Idan ana son sanin abin da irin wake ke buƙata don ya tsiro, ba a canza ruwa da haske da zafi lokaci guda. Abu ɗaya ake canzawa, a bar sauran yadda suke, a rubuta sakamako. Wanda ya canza saiti biyar a tare, ko da manhajar ta tashi, bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma gobe in ta sake ƙi zai koma gidan jiya.

Muna shawartar malamai da su mayar da wannan darasi na aikace a aji. A cire makirufo, ko a kashe izini, ko a sauya harshe a ɓoye, sa'an nan a bar ɗalibai su gano gaɓar da ta katse, kowane rukuni da littafinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin da ya iya bin sarƙa gaɓa bayan gaɓa a kan kwamfuta, zai iya bin ta a jikin majinyaci ko a gona.